Tambayi Likita: Ya aka yi ya gane tsiron hanji da ido kawai?

TAMBAYA: Salam Likita, barka da ƙoƙari. An yi wa babanmu gwajin nan da ake zura kyamara ta dubura, likitan ya ce ya ga tsiro guda biyu a babban hanjinsa, ya cire ɗaya ya bar ɗaya wai shi ba komai. Gaskiya hankalina bai kwanta ba, ya za a yi mutum ya kalli abu a talabijin kawai ya ce wannan lafiya lau wancan kuma a'a? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikissalam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Damuwarki a kan hanya take, amma ba canki-canka likitan ya yi ba. Wasu na'urorin kolonoskofi, wato gwajin kyamarar da aka yi wa Baba, suna iya ƙara girman abu har wajen sau 100, to idan aka matso da kyamarar dab da tsiron aka fesa masa wani shuɗin rini da ake kira indigo kamin, sai fatarsa ta fito fes da wasu 'yan mitsi-mitsin ramuka, kuma kowane irin tsiro da irin zanensa.

Wani likita ɗan Japan, Shin-ei Kudo, shi ya karkasa zanen nan gida 5 tun shekarun 1990, har yau da shi ake aiki. Fatar hanji mai lafiya ramukanta zagayayyu ne a jere kamar na rariya. Idan suka fito kamar taurari yawanci tsiro ne marar haɗari. Idan kuwa suka yi tsawo kamar an ja layuka, ko suka yi rassa suna lauje-lauje kamar ƙwaƙwalwa, shi ne adinoma, wanda in an bar shi shekaru, sau da yawa wajen 10, yana iya rikiɗewa ya zama kansa, wato ciwon daji, shi ya sa ba a yi masa wasa, a take ake cirewa. Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne in zanen ya ruguje gaba ɗaya kamar tabarmar da gara ta ci, nan sai mu yi zargin kansa ta riga ta shiga ciki, ba a tsinke shi haka nan, sai a yi maganar tiyata.

Akwai kuma fasahar NBI ta kamfanin Olympus, ita ba ruwanta da rini, maɓalli kawai ake dannawa hasken ya koma shuɗi da kore, jijiyoyin jinin saman tsiron su bayyana.

To wanda aka bari fa? In ƙarami ne bai wuce milimita 5 ba, yana can ƙasa kusa da dubura, kuma likitan ya tabbatar mai zanen tauraro ne, ƙa'idar aiki ta yarda a bar shi. Amma fa idan a can ɓangaren dama na hanji yake, ni ba na barin sa, don akwai wani shimfiɗaɗɗe da yake kama da marar haɗari alhali shi ma yana iya zama kansa.

Don Allah ki koma ki tambayi likitan a ina tsiron yake, nawa ne girmansa, sannan ki bibiyi sakamakon wanda aka cire aka kai lab, mutanenmu da yawa da sun ga majinyaci ya miƙe sai su manta da takardar nan kuma ita ce za ta faɗa mana yaushe Baba zai dawo a sake dubawa.