Ina shan maganin taifot, amma zazzaɓi ya ƙi sauka

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya rubuta mini ciprofloxacin, 500mg safe da yamma, saboda taifot. Ina da gyambon ciki, shi ya sa da na haɗiye ƙwayar sai in bi ta da farin maganin ruwa na olsa, wani lokaci kuma da fura da nono nake kora ta. Yau kwana biyar, zazzaɓin bai sake ni ba. Ko jabu aka sayar mini? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Kafin ka ɗora wa mai kemis laifi, dubi abin da kake bin ƙwayar da shi, domin ni a nan hankalina ya tsaya.

Haɗiye magani daban, shigarsa jini daban. Sai ƙwayar ta narke, hanji ya tsotse ta, sannan ta kai ga ƙwayoyin cutar. Shi kuwa ciprofloxacin yana da wani hali: da ya haɗu da maganiziyom ko alminiyom, waɗanda su ne ke cikin farin maganin olsar nan, sai ya manne musu su zama dunƙule guda. Hanji ba ya iya tsotse wannan dunƙulen, sai ya bi bayan gida ya fita. Abin da ke kai wa jini na iya raguwa da kusan kashi 90 cikin 100. Ka biya kuɗin cikakken magani, ɗan ƙanzo ne jikinka ya samu. Haka maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe yake yi, haka zink. Kalsiyom ɗin da ke cikin nono da madara ma yana rage shi, ko da yake bai kai na olsa ɓarna ba.

Gyaran yana ga lokaci. Sha ƙwayar da ruwa zalla, awa 2 kafin maganin olsa, ko awa 6 bayansa. Idan ƙarfe 6 na safe da 6 na yamma kake sha, maganin olsa da furarka su faɗo tsakanin 8 na safe da 12 na rana, ko tsakanin 8 da 12 na dare. Tuwo da miya ba su hana komai.

Kada dai a ɗauka nono abokin gabar kowane magani ne. Coartem na zazzaɓin cizon sauro sai da maiƙo yake shiga jini sosai, shi ya sa ake cewa a sha shi da madara ko abinci mai mai.

Akwai kuma abin da shi kansa ciprofloxacin ke yi wa wasu. Yana hana hanta saurin sarrafa kafeyin (caffeine), sinadarin da ke cikin goro da kofi da shayi, sai ya taru a jiki. Goro ɗaya da ka saba ci sai ya hana ka barci, zuciya na bugawa fat-fat. Ga mai asma da ke shan maganin theophylline abin ya wuce rashin barci, yana iya kai shi ga jijjiga.

Kada ka ninka ƙwayar don rama abin da ya wuce. Yau ɗin nan ka koma wurin likitanka, ka zuba duk magungunan da kake sha a leda, har da na gargajiya, ka zazzage masa a tebur. Akwai taifot ɗin da ya daina jin ciprofloxacin, gwaji ne zai nuna ko a canza maka wani. Idan kuwa ciki ya murɗa maka da tsanani, ya yi tauri, ko ka ga baƙin bayan gida, to, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, domin taifot na iya huda hanji.