Amsa ga ƙaninmu mai son shiga tseren keken dutse

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya, ka ce shekarunka 16, kana da keken dutse na gwanjo da Baba ya saya maka don zuwa makaranta, kana son shiga tseren daji na matasa amma an ce maka sai mai keken miliyoyi ke shiga, kuma ba ka san ta ina za ka fara ba. Na ga wani ɗan uwa ya ce ka haƙura tunda Sakkwato ba mu da duwatsu. Wagga magana ce ta hana ni yin shiru, don ni ma a shekarunka na fara, a nan garin, kuma keken da na fara da shi wallahi bai kai naka ba.

Bari in fara da shekaru don nan mutane ke rikicewa. Hukumar keke ta duniya, UCI, mai hedikwata a garin Aigle na Suwizalan, rukunin matasa a wurinta 'yan shekara 17 da 18 ne, kuma ba ranar haihuwa suke dubawa ba, shekarar haihuwarka za a cire daga shekarar da ake ciki. Daga 19 zuwa 22 wani rukuni ne daban. Ka ga kenan in da wanga lissafi 16 ɗin kake, kana da sauran lokaci a hannu har shekara mai zuwa kafin ma ka shiga rukunin, kuma wanga lokaci shi ne dukiyarka, kada ka ɓata shi wajen kallon hotunan kekunan da ba ka da kuɗinsu.

Shi tseren, irin wanda aka saka a Olamfik tun gasar Atlanta ta 1996, ba doguwar tafiya ba ce daga gari zuwa gari. Fili ne ake shatawa mai 'yan kilomitoci, da hawa da gangara da duwatsu da saiwoyi da kwanoni masu matsi, a tashe ku gaba ɗaya ku yi ta zagaya shi. Na matasa bai cika wuce awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata ba. Za ka ce ai awa ɗaya ba komai, ni ma haka na ce.

Karona na farko wasu 'yan keke ne suka shirya wata ƙaramar gasa a wajen Jos, muka tafi mu uku, keke a ɗaure saman mota, muka isa a gajiye ban ko zagaya filin na gan shi ba sai da safe. Ana busa usur na taka da duk ƙarfina don ina ganin duk wanda ya sha zafin Sakkwato ba mai kama shi, kuma gaskiya minti biyar na farko ina cikin na gaba, sai muka iso hawa na farko na ji ƙirjina kamar an zuba barkono, ƙafa ta yi nauyi, yaran da na wuce suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya suna numfashi a natse. Da muka zo gangara mai duwatsu kuma tsoro ya kama ni na damƙe birkin gaba, sai ga ni a ƙasa, gwiwa ta fashe. Na tashi na ci gaba, a zagaye na uku tayar baya ta daki bakin dutse tub ya tsage wuri biyu, ba ni da wani tub ɗin ba ni da famfo. Da ƙafa na turo keken har wurin gamawa. Abin ya yi mini ciwo sosai, na kwana biyu ba na son magana. Amma da na zauna na lissafa, cikin abubuwa ukun da suka kayar da ni babu ɗaya da tsadar keke za ta gyara. Ban san awon ƙarfina ba, hannuna bai iya keke a mugun wuri ba, kuma ban shirya ma taya ba.

To hannu shi ne farko, kuma a nan ne nake ce ma mai cewa ba mu da duwatsu ya fita bayan gari ya duba. Ka bi wajen Kalambaina da Wamakko, ko ta Dange da Shuni, ko hanyar Kware, akwai tuddan marmara da tsakuwa mai zamewa da kwazazzabai da ruwan damina ya haƙa, ga rairayi ga hanyoyin shanu da na jakuna. Ba dogayen duwatsu ba ne, na yarda, amma tudun da za ka hau cikin minti biyu in ka hau shi sau takwas ka sauko ya ishe ka aiki, dama shi tseren haka yake, gajeren hawa ne mai maimaituwa. In za ka gangara ka tashi daga sirdi, feda biyu su daidaita, gwiwa da gwiwar hannu a sake, ka ɗan ja jiki baya, yatsa ɗaya ko biyu a kan birki. Birki kafin kwana ake kama shi ba a cikinta ba. Idonka kuma ya kalli inda kake son bi, in ka ƙura ma dutse ido to shi za ka daka, wannan na gwada shi da jikina. A rairayi ka sassauta giya, kada ka daina taka feda, kada ka yi kokawa da kan keke, ka bar shi ya ɗan yi rawarsa. Yaron da ya iya rairayin bakin gulbin Rima ya riga ya koyi abin da da yawa ba su iya ba.

Sai taya, kuma in kana da 'yan kuɗi nan za ka fara zuba su bayan hular kwano. Ƙayar aduwa da tsaidau su ne abokan gabarmu, akwai satin da na je wurin mai faci sau huɗu. In rim ɗinka zai karɓa ka koma tubles, wato taya marar tub da ake zuba ma wani ruwa mai kauri a ciki, in ƙaya ta huda sai ruwan ya toshe ramin kana cikin tafiya. Sai dai zafinmu na busar da ruwan da wuri, ka riƙa dubawa duk bayan wata ɗaya ko biyu. In ba hali ka zauna da tub amma kada ka fita ba tub na biyu da ƙaramin famfo, kuma ka koyi canzawa da hannunka har ka iya cikin 'yan mintoci. Kada ka bari mai faci ya cika maka iska tayar ta yi tauri kamar dutse, a kwalta yana da daɗi amma a tsakuwa zamewa za ka yi ta yi. A gasa ta ƙa'ida ba mai taimaka maka sai a wurin da aka keɓe don gyara da miƙa ruwa, kuma firam ɗin da ka tashi da shi, wato gangar jikin keken, da shi za ka gama. Ko Tom Pidcock na Ingila tayarsa ta sace a Olamfik ta Paris 2024, aka canza masa a wurin gyara, ya biyo su ya kamo ya ci zinare. A tseren nan Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya zo na uku, kuma a shekarar ya zama zakaran duniya, don ka san 'yan nahiyarmu na ciki.

Keken naka in birki na kamawa, giya na shiga, sarƙa ba ta tsalle, firam ba tsagewa kuma tsawonsa daidai da kai, ya isa. Shakazoba ta gaba kaɗai ta wadatar. Lokacin hunturu ka riƙa goge sarƙa bayan kowace fita, mai kaɗan za ka sa ka share na sama, in ya yi yawa ƙura ke mannewa ta cinye haƙoran giya.

Atisaye kuma don Allah kada ka kashe kanka. Kwana huɗu a sati ya isa, biyu tafiya a natse wadda za ka iya hira a cikinta, ɗaya hawan tudu, ɗaya koyon sarrafa keke a mugun wuri kawai. Jikinka yana kan girma, barci da abinci rabin aikin ne. Bayan sallar asuba ake fita, musamman watan Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, ƙarfe tara ta same ka a gida. Ruwa gora biyu, ɗaya ka sa ɗan gishiri da sukari, dabino a aljihu, in ka dawo fura da nono ko shinkafa da wake. Da azumi ka rage sosai. Duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ko wani haɗi wai na ƙarin ƙarfi ka guje shi, na ga yaron da ya fi ni iya keke nesa ba kusa ba ya lalace ta wagga hanya, har yau in na tuna shi raina na ɓaci.

Titi ma abin tsoro ne. Burry Stander na Afirka ta Kudu, zakaran duniya na 'yan ƙasa da 23 a 2009, motar haya ce ta buge shi yana atisaye a watan Janairun 2013 ya rasu yana da shekara 25. Ka san yadda 'yan kabu-kabu da manyan motocin siminti suke a hanyoyinmu. Kada ka fita ba hula, kada ka shiga daji kai kaɗai, kuma a gida a san inda ka nufa.

Maganar shiga gasa a hukumance, lasisi daga hukumar tseren keke ta Najeriya yake fitowa, hanyar kuma ta jiha take bi, don haka ka je filin wasa na Giginya ka nemi masu kula da wasan keke ka gabatar da kanka, ka tanadi takardar haihuwa ta gaskiya. Ka sa a ranka gasar titi ta fi yawa a ƙasar nan, in ta samu ka shiga, tana koya maka tafiya cikin taro. Rashin kayan aiki kuwa ba kai kaɗai ba ne, Ese Ukpeseraye da ta wakilci Najeriya a Paris 2024 keken da ta yi tseren cikin fili da shi 'yan tawagar Jamus suka ara mata.

Amma kafin duk wannan ka zauna da Baba ka gaya masa komai, har da cewa ana faɗuwa ana jin ciwo kuma wata rana za a yi tafiya. Shi ya sayi keken don makaranta, in karatu ya ja baya shi ke da gaskiya in ya karɓe. In ya amince, mu kan fita ranar Asabar bayan asuba ta wajen Wamakko mu biyar ko shida, ka zo da gorar ruwanka. In ba ka samu hular kwano ba tukuna ina da wata da ta yi mini kaɗan, sai in zo maka da ita, mu fara da ƙaramin tudu in ga yadda kake kama birki.