Me ya sa rinin baba ke kama fata, kuma gishiri zai hana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi zane rinin baba, amma duk sanda na ɗaura sai ya bar mini shuɗi a jiki. An ce in jiƙa shi a ruwan gishiri. Zai yi? Ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Zubar ba ta nuna jabu ne, gishirin kuma ba zai yi miki komai ba.

Shuni ba ya narkewa a ruwa. Kafin ya shiga zare sai an sauya masa siffa a cikin ruwa mai kaifin toka, wanda babu iskar oksijin a cikinsa. A karofi irin na Ƙofar Mata a Kano, bakteriya ne ke yin wannan aiki, bayan an haɗa baba da toka da katsi (ƙonanniyar lakar da ake kwasowa daga ƙasan ramin rini) an bar su kwanaki suna tsima. A masana'anta hodar wani sinadari mai suna haidirosalfait da soda ake zubawa. Shi ya sa zane ke fitowa daga rami kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. A nan shunin ya koma siffarsa ta farko, ya maƙale a cikin silin auduga. Maƙalewa ce kawai, ba haɗewa ba. Wanda bai samu shiga ba ya zauna a sama, shi ne ke bin jikinki.

Laifin yawanci na gaggawa ne. Marini ya sa baba ya yi kauri don ya gama a tsomi biyu, ko bai bar zanen ya sha iska tsakanin tsomi da tsomi ba, ko bai wanke sitacin sabon yadi ba, ko kumfar saman rami ta manne masa. Tsomi da yawa a ruwa mai sauƙi, da shan iska kamar minti 15 kowane karo, ya fi kama zare nesa ba kusa ba. Turkuɗin Kura kuwa daban ne: da gangan ake buga masa garin shuni don ya yi ƙyalli, masu sayensa ma haka suke so.

Shunin kanti, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897 bayan binciken masanin sinadarai Adolf von Baeyer, sinadari ɗaya ne da na ganye. Shi ma haka yake zuba, kamar yadda sabon wandon jins ke yi. Gishiri yana da amfani a wasu rinukan auduga, amma a cikin tukunyar rini, ba bayan an gama ba.

Ki wanke zanen shi kaɗai da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi sau uku ko huɗu, ki ɗauraye har ruwan ya washe, ki shanya a inuwa. Kada bilic ya taɓa shi. Sannan ki goga farin ƙyalle a jikin zanen sau 10, busasshe da jiƙaƙƙe. A ɗakin gwaji ma haka ake yi da na'ura, a ba da maki daga 1 zuwa 5. Jiƙaƙƙen zai ɗan ɗauka ko da rinin mai kyau ne. In busasshen ya yi shuɗi sosai bayan wanki huɗu, rinin bai kamu ba tun daga karofi.