Wane Salo Ya Dace da Ƙaramar Tsamiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsamiya 'yar shekara 2 a tukunya, ta ɗan karkace. Ina so in mai da ita bonsai, wato ƙaramar bishiyar ado da ake reno a tukunya. Wane salo zan bi? Daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki tilasta mata miƙewa, karkacewar nan ita ce salonta, Japanawa na kiransa shakan. Ki ɗan tone ƙasa ki duba saiwoyi. Ana so masu ƙarfin su kasance a gefen da ta juya wa baya. Reshen farko ya fito a sulusin tsayinta. Wayar alminiyam da ake naɗa wa reshe don a lanƙwasa shi kuwa, kaurinta sulusin na reshen. Da damina ki riƙa dubawa duk mako 2, domin reshe na kumbura, waya ta nutse ta bar tabo. Babban askin rassa sai hunturu ya wuce.