Dutsen Yashi: Amsa ga Yarona Mai Koyon Gini

Ɗana, hoton da ka nuna mini a waya, kana tambayar wane irin dutse ne wannan mai ja-ja da aka zana sunaye a jikinsa, kuma me ya hana mu yin aiki da shi a nan Kaduna, ai Ƙofar Indiya ce da ke birnin Delhi. An aza harsashinta a 1921, aka buɗe ta a 1931, don tunawa da sojojin Indiya da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tsayinta mita 42, kuma sunayen da aka sassaƙa a jikinta sun haura 13,000. Wani Bature mai suna Edwin Lutyens ne ya zana ta. Dutsen kuwa dutsen yashi ne.

Ka san yadda muke buga bulo, yashi da siminti da ruwa? To haka Allah Ya yi wannan dutsen, sai dai Shi shekaru miliyoyi Ya ba aikin. Kogi ko iska su kwaso yashi su jibge, wani ya hau kan wani, nauyi ya danne na ƙasa, ruwan da ke ratsawa ya bar wani abu a tsakanin ƙwayoyin ya liƙe su. Wannan abin da ya liƙe su shi ne komai. In sinadarin yashin kansa ne ya riƙe, ka samu dutse mai taurin kai wanda zai ga jikokinka. In tsatsar ƙarfe ce, shi ne jan nan da ya burge ka. In sinadarin farar ƙasa ne, ɗiga masa ruwan batir kaɗan, za ka ga yana kumfa, kuma ruwan sama zai riƙa cinsa a hankali. In laka ce, kada ma ka ɓata kuɗin mota. Murza shi da babban yatsa za ka ji yashi na zubowa.

Masu sassaƙa suna sonsa ne don yana karɓar kurfi. Ka aza bakin kurfin, ka buga guduma a hankali, harafi ya fito da kaifinsa, ba ya tsagewa ta inda ba ka so. Je ka gwada haka a dutsen da ake fasa mana tsakuwa ka ga yadda wuyan hannunka zai kwana.

Mu nan Kaduna ƙasarmu ba ta haife shi ba. Kaduna a kan tsohon dutse mai ƙarfi take zaune, irin na Kufena a Zariya da duwatsun Kajuru, wanda asalinsa narkewa ya yi a cikin ƙasa ya daskare. Dutsen yashi sai ka nufi Bida, ko ƙasar Sakkwato, ko Dutsen Bima a Gombe, wanda masana suka ce ya kai shekara miliyan 100. Masu haƙa burtsatse sun fi mu sanin bambancin: a dutsen yashi ruwa na kwance a ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin, mu kuwa sai an dace da tsaga ko inda dutsen ya ruɓe, shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa, kai ka haƙa ka tashi a tutar babu.

To in wata rana wani Alhaji ya sayo dutsen yashi ya ce ka yi masa ado a bango, ga inda magina ke kunyata. Duba gefen dutsen, za ka ga layi-layi, shimfiɗa a kan shimfiɗa. Yadda ya kwanta a ƙasa haka za ka kwantar da shi a gini. In ka tsayar da shi shimfiɗar na kallon waje, damina za ta shiga bayanta, zafin bazara ya busar, fuskar ta riƙa ɓarewa falle-falle, in da rubutu ya tafi da rubutun. Kada kuma ka cike tsakaninsa da kwaɓi mai yawan siminti don ka burge mai gida. Kwaɓin zai fi dutsen tauri, danshi ya rasa hanyar fita sai ta cikin dutsen, gefensa ya zagwanye, simintin ya tsaya cirko-cirko. Sa farar ƙasa a kwaɓin. Ka ɗaga shi daga ƙasa, ka sa leda a harsashi, domin danshin da ke hawowa da gishiri yake tafe, shi ne farin nan da kake gani a gindin katanga.

Wurin yanka kuma, ka jiƙa shi da ruwa, ka ɗaura takunkumi na gaske, ba ƙyallen da kuke rufe hanci da shi ba. Ƙurarsa in ta zauna a huhu ba ta fita, kuma babu maganin da ke wanke ta. Sai bayan shekaru mutum ya fara haki yana hawa tsani. Akwai guntun dutsen yashin Bida a bayan shago, wanda nake wasa wuƙa da shi. Gobe ɗauko shi da kurfi ƙarami, ka fara da harafin farko na sunanka.