Injin jirgin ruwa: mai bugu biyu ko mai bugu huɗu?

Ɗan'uwa, ka tambayi injin da ya dace da kwale-kwalenka a tafkin Madarumfa. Ni dai mai bugu biyu zan ce, wato injin da fistan ɗinsa ke kammala zagayen aiki da hawa ɗaya da sauka ɗaya, irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15. Mutum ɗaya zai saɓa shi, kuma makanikan babur na Maraɗi ba za su rasa kansa ba. Sai dai yana hayaƙi, yana shan fetur sosai, kuma dole ka riƙa haɗa masa mai na musamman cikin fetur, rabin lita ga lita 25.

Mai bugu huɗu, wanda fistan ɗinsa ke hawa biyu da sauka biyu a kowane zagaye, ya fi tattalin fetur, ƙararsa kaɗan ce, amma akwai tsada da nauyi. In ka saye shi, kada ka kwantar da shi ta gefen da bai dace ba, baƙin mai zai gangara cikin silinda.