Kurkumin na nano zai warkar da tabon hantar Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Likitoci sun ce hanyoyin ruwan maɗaci a hantar mahaifina sun ƙuntata, hantar kuma ta fara tabo. Idonsa kan yi rawaya, ƙaiƙayi na hana shi barci. Na ga tallar wani maganin kurkum da ake kira na nano, wai bincike ya tabbatar yana narkar da tabon hanta. In saya masa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. A taƙaice, kada ki saya. Amma ba zan sallame ki da wannan kawai ba, domin masu tallar ba ƙarya tsagwaronta suka shirga ba. Sun ɗauko gaskiya ce suka yanke mata wutsiya.

Idan ruwan maɗaci ya kasa fita daga hanta, yakan taru ya riƙa ƙona bangon hanyoyinsa. Jiki sai ya shiga ɗinkin wurin: wasu ƙwayoyin halitta da ke kwance cikin hanta su farka, su yi ta zuba kolajin, wato zaren nama mai tauri irin wanda ke cike gurbin rauni a fata. In ƙunar ba ta tsaya ba, ɗinkin ma ba ya tsayawa, har hanta ta taurare ta ƙanƙance. Wannan ne tabon da likitoci suka gani.

Kurkumin shi ne sinadarin da ke ba gangamau, wato kurkum, launinsa, kuma bai wuce kusan kashi 3 cikin 100 na garin ba. A ɗakin gwaji yana rage kumburi, yana kuma kwantar da ƙwayoyin nan masu zuba kolajin. Matsalarsa ita ce ba ya narkewa a ruwa, hanji ba ya tsotsarsa sosai, ɗan abin da ya shiga kuma hanta ta yi maza ta sarrafa shi ta fitar. Don haka masana suka koma naɗe shi cikin ƙwayoyin maiƙo ko na wasu sinadarai, ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Abin da ake nufi da nano ke nan.

To, me binciken ya nuna? A 2010 masana a birnin Graz na ƙasar Ostiriya sun ciyar da ɓeraye masu irin wannan ciwo kurkumin, aka ga kumburi da tabo sun ragu. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Jami'ar Khon Kaen a Tailan, a 2016. A yankin nan akwai wata tsutsar hanta da ake ɗauka daga cin ɗanyen kifi; tana zama cikin hanyoyin maɗaci, ta jawo tabo, wani lokaci har da kansa. Sun sa wa hamsta, wani dangin ɓera, wannan tsutsa, sannan suka ba su kurkumin na nano tare da farazikwantel, maganin nan da ake bayarwa na tsargiya. Tabon da ke kewaye da hanyoyin ya ragu. Ki lura da abu biyu da talla ba ta faɗa: dabbobi ne, kuma an haɗa da maganin da ya kashe tsutsar, wato an tumɓuke tushen ciwon.

A mutane fa? Asibitin Mayo a Amurka ya gwada kurkumin kan mutum 15 masu ciwon ƙuntatar hanyoyin maɗaci, miligiram 750 sau biyu a rana na mako 12. Rahoton ya fito a 2019, kuma gwajin jininsu bai nuna wani sauƙi na a zo a gani ba.

Ga inda na fi damuwa. Rashin shigar kurkumin cikin jini, wanda 'yan kasuwa ke ta ƙoƙarin gyarawa, yana iya zama shi ne ya daɗe yana kare masu shansa. Tun 1998 wani bincike a Indiya ya nuna cewa haɗa shi da sinadarin masoro na ninka abin da ke shiga jini kusan sau 20. Da irin waɗannan haɗe-haɗe suka cika kasuwa, sai rahotannin ciwon hanta suka fara fitowa. Italiya ta ga jerinsu a 2019. A Amurka wata ƙungiyar likitoci mai bibiyar illar magunguna ga hanta ta bayyana mutum 10 da ƙwayoyin kurkum suka raunata wa hanta, ɗaya ya rasu. Hukumar magunguna ta Ostireliya ta yi gargaɗi a 2023. Abin ba ya samun kowa, galibin masu sha lafiya lau suke, amma hantar Baba ba ta da rarar ƙarfin da za a yi caca da shi. Ƙari a kan haka, kurkumin na sa jakar maɗaciya ta matse. Matsa ruwa ta bututun da ya toshe kuwa ciwo yake ƙarawa.

Ɗan gangamau cikin girki ba shi nake nufi ba, wannan kaɗan ne. Ƙwayoyin kwalba nake ja miki kunne a kai, balle na nano, wanda ke da kike saye ba ki da hanyar sanin ko abin da aka rubuta a jikin kwalbar shi ne a ciki.

Ki koma wurin likitansa ki tambaya ƙarara: me ya ƙuntata hanyoyin? Tsakuwa ce, tsutsa ce, ƙari ne, ko garkuwar jiki ce ke yaƙar su? Kowanne da maganinsa: wani a cire tsakuwar ko a buɗe hanyar da na'ura ta baki, wani a ba da ƙwayoyin asid na urso, maganin da ke taimaka wa ruwan maɗaci ya gudana, ƙaiƙayin ma akwai maganinsa. In an kawar da musabbabin da wuri, tabon hanta kan ja baya. Ki tattara duk abin da Baba ke sha, har da jiƙe-jiƙe, ki kai wa likitan ya gani. In kuwa zazzaɓi da rawar ɗari suka haɗu da rawayar ido, ko ya yi aman jini, ko ya fara ruɗewa, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.